Wa ake kira "savant", masani ko mai baiwa?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum jama'a. Jiya musu ya kaure tsakanina da ɗan baffana da ya yi karatu a Zariya. Wani babban malamin addini ya rasu, mai karanta labarai da Faransanci ya kira shi "savant". Nan take ɗan baffan nawa ya ɓata rai, wai cin fuska ne, kalmar ta masu lalurar ƙwaƙwalwa ce. Ni kuwa tun muna lakwal masani muka san ta. Wa ya fi gaskiya?

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, Malam. Asalinta Faransanci ne, daga "savoir", wato sani, kuma da ita ake kiran masanan da Napoleon ya kwasa zuwa Masar a 1798. A Ingilishi ne ta yi kwana. A 1887 wani likita a Landan, John Langdon Down, ya yi bayanin wasu yara da ba sa iya hidimar kansu amma sun yi zarra a abu guda, kamar lissafi ko zane, ya laƙaba musu "idiot savant", wato wawa masani. Da aka ga munin sunan sai aka yar da rabin farko, ragowar ya tafi da ma'anar.

Malamar Firamare: Irin Stephen Wiltshire ke nan, wanda aka zagaya da shi saman birnin Rum a jirgi mai saukar ungulu, ya sauko ya zana birnin da ka. A layinmu ma akwai yaro, ka faɗa masa ranar da aka haife ka, kafin ka rufe baki ya ce Talata ce. Amma a aike shi shago, canji sai an ƙirga masa. Tsofaffi na cewa mutanen ɓoye ne ke raɗa masa, abin da ke ba ni haushi ke nan. Ni "mai baiwa" nake cewa.

Tsohon Gardi: Malama, kada dai a sa gwanayenmu a wannan sahu. Gwani ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya san harji, sau nawa kalma ta zo da inda ta zo, amma shekaru ya kwashe yana wanke allo. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Malamar Firamare: Allah gafarta Malam, karin maganar nan ai ni ta goya wa baya. Yaron nan bai taɓa kuskure wurin bugu ba, ƙirarsa ce guda ɗaya tak.

Tsohon Gardi: Maƙerin da lauje kaɗai ya iya, ranar da aka kawo masa gatari fa?

Ɗan Maraɗi: To ni dai na gane mai labarai bai zagi malaminmu ba. Sauran in ga ta inda zan ɓullo wa ɗan baffana, don har yau bai ɗaga wayata ba.