Wai tuwon alkama ba ya tada suga?

Daga zauren WhatsApp na wani gida a Ƙofar Marusa, Katsina.

Yaya Sada: Salamu alaikum. An gwada Hajiya, ciwon suga ne, nau'i na biyu. Da safe kafin ta karya sugan jininta ya kai 190. Na aika da buhun alkama. Ta bar shinkafa da masara, alkama ba ta tada suga, ta ci iya cinta.

Binta: Allah ya ba Hajiya lafiya. Amma Yaya, a gafarce ni, "iya cinta" ɗin nan ne ban yarda ba. Alkama hatsi ce kamar dawa da gero, in ta shiga ciki suga take komawa. Wadda aka niƙa da dusarta ta ɗan fi jinkirin tada shi, shi ke nan.

Yaya Sada: To duk masu suga da ke layin niƙa a Babbar Kasuwa ba su san abin da suke ba?

Kawu Lawal: Ni ma na yi layin nan, Sada. Shekarata tara da ciwon. Wata rana na share malmala biyu na alkama da miyar kuka, bayan awa biyu na huda yatsa na gwada, 240! Likita kuwa cewa ya yi kada ya wuce 180 bayan cin abinci. Bayan kwana uku na ci malmala ɗaya ta dawa, ƙarama kamar dunƙulen hannuna, da kwaɗon zogale cike da kwano da ɗan kifi. 155. Tuwon da kuke raina ɗin.

Yaya Sada: Jiki da jiki, Kawu.

Binta: Shi ya sa za a gwada nata. Rabin faranti ganye, rama ko zogale ko kabeji, kwata wake ko kifi ko ƙwai, kwata tuwo. Maganinta na suga kuma, Metformin, kada a ajiye don an ga alkama.

Maman Ummi: Ni dai da ke girkin, ba tuwon ke damuna ba. Furar la'asar fa? Cokali uku na sukari take sawa, in na yi magana ta ce zuma za ta koma.

Kawu Lawal: Zumar ma tana tada shi, ɗiyata. Kada ki ce ni na faɗa.

Yaya Sada: Buhun dai na riga na biya.

Binta: Ba zubarwa za a yi ba, Yaya. Kawu, a ara mana na'urar gwada suga.

Kawu Lawal: A turo yaro bayan Magariba. Tsinken gwaji kuwa Sada zai saya, nawa saura huɗu.