Hannun jarina sai zubewa yake, in riƙe ne ko in ƙara ko in sayar?

Sabon Shiga:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin harkar nan ku taimaka min da shawara dan wlh kaina ya kulle. Wata goma sha ɗaya kenan da na sayi hannun jarin wani kamfani, bazan faɗi sunansa ba kar ace talla nake musu ko ɓatanci. Na sayi guda 300 lokacin kowanne yana 100, bayan wata huɗu ya sauko 80 nace ai ga araha ta samu na ƙara guda 200, toh yau da safe da na buɗe manhaja 58 na gani. Tun sati uku da suka wuce kullum ja ne, ranar da ya ɗan yi kore sai in ji sanyi washegari ya zubar da abinda ya hau harda ƙari. Abin ya kai ina farkawa ƙarfe ukun dare in laluba waya ƙarƙashin filo in duba alhali nasan kasuwa a rufe take, lambar da na gani kafin in kwanta ita zan sake gani. Akwai ɗan kuɗi a hannuna da zan iya ƙarawa dan matsakaicin farashina ya sauko, wani abokina yace in ƙara, wani yace in gudu tun da sauran abin ɗauka. Gaba kura baya sayaki. Ya zanyi?

Malamin Lissafi:
Wslm. Bari mu fara da lissafi kafin kowa ya kawo ra'ayi. Ka kashe 30,000 a sayen farko, 16,000 a na biyu, jimla 46,000 akan guda 500, kenan kowanne ya tsaya maka a 92. Yau 58 ne, abinda ke hannunka ya koma 29,000, ka yi ƙasa da kusan kashi 37 cikin ɗari. Amma kar ka ɗauka in ya hau da kashi 37 ka dawo daidai, a'a, daga 58 zuwa 92 hawan kusan kashi 59 ne. Haka abin yake, wanda ya faɗi da rabi sai ya ninka kafin mai shi ya ga uwar kuɗinsa. Ban ce ka sayar ba, so nake dai ka san zurfin ramin.

Mai Dogon Zango:
Ɗan uwa riƙe kayanka kawai, baka yi asara ba sai ranar da ka sayar. A 2020 lokacin korona S&P 500, ma'aunin hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka, ta zube da kusan kashi 34 cikin sati biyar, daga Fabrairu zuwa 23 ga Maris, mutane suka yi ta sayarwa da kuka, kafin ƙarshen Agusta ta dawo ta wuce inda take. Meta mai Facebook a 2022 ya rasa fiye da kashi 60, a 2023 ya kusa ninkawa uku. Amazon ma daga ƙarshen 1999 zuwa 2001 ya faɗi da sama da kashi 90. Duk wanda ya haƙura yaci riba. Goge manhajar daga wayarka ka samu bacci.

Tsohuwar Akanta:
Mai Dogon Zango kayi haƙuri amma wannan maganar ta "baka yi asara ba sai ka sayar" ita ta kashe mutane da yawa a harkar nan. Asarar tana nan ko ka sayar ko baka sayar ba, in yau yaje neman kuɗinsa 29,000 za'a bashi ba 46,000 ba. Kuma misalan da ka kawo duk na waɗanda suka rayu ne, ina waɗanda suka mutu? Enron, kamfanin makamashi na Amurka, a watan Agustan 2000 yana wajen dala 90, ƙarshen Nuwamba 2001 bai kai dala 1 ba, farkon Disamba suka shigar da takardar karyewa. A hanyar saukowarsa akwai waɗanda suka saya a 60 suna cewa araha, wasu a 30, wasu a 10, kowa da hujjarsa. Haka su ma waɗannan suka karye: bankin Lehman Brothers 2008, Kodak 2012, Wirecard na Jamus 2020 da aka nemi yuro biliyan 1.9 da ke rubuce a littafinsu aka rasa. In kamfani ya karye masu bin bashi ake fara sallama, mai hannun jari shine na ƙarshe a layi kuma yawanci ko sisi baya samu. Shi Amazon ɗin ma wanda ya saya a ƙololuwar 1999 sai wajen 2009 ya ga kuɗinsa ya dawo, shekara goma fa. Sannan S&P 500 kamfanoni kusan ɗari biyar ne a haɗe, wanda ya lalace a cire shi a sa wani, shi kuma yaron nan kamfani ɗaya tal ya riƙe, ba abu ɗaya bane.

Ƙanina kafin in ce maka komai amsa min waɗannan. Me yasa ka saye shi tun farko? Faɗuwar nan shi kaɗai yake yi ko duk kasuwar ce, ko duk kamfanonin da ke sana'a irin tasa? Kuma kuɗin da ka zuba yaushe kake buƙatarsu?

Mai Dogon Zango:
Hajiya na yarda da batun kamfani ɗaya, amma dai tsoro bai taɓa yiwa kowa arziki ba.

Sabon Shiga:
Anti gsky tambayarki ta farko ta bani kunya. Wani ne a wajen aikinmu ya nuna min a wayarsa yadda abin ya ninka cikin shekara ɗaya, na ga layin yana ta hawa sai nima na shiga, ban karanta komai ba. Kasuwar gaba ɗaya kam bata faɗi ba, ta ɗan ma hau a 'yan watannin nan. Na duba wasu kamfanoni biyu masu irin sana'arsa, ɗaya yana nan inda yake ɗaya ya sauka kaɗan, nawa ne kawai yake wannan gangarowar. Batun kuɗi kuma, kusan rabinsu na wata hidima ce da dole in biya nan da wata bakwai, na zata kafin lokacin sun haihu. Wanda nake cewa zan ƙara ɗin ma shine ɗan abinda na ajiye saboda ko ta kwana.

Tsohuwar Akanta:
Toh kaga yanzu magana ta fito. Ruwa baya tsami banza, in kasuwa na hawa abokan sana'arsa na tsaye shi kaɗai ke zubewa, akwai abinda masu sayarwa suka gani wanda kai baka gani ba. Wataƙila sun yi kuskure, yana faruwa, amma bazaka sani ba sai ka duba. Shiga shafin kamfanin ɓangaren masu zuba jari ka sauke rahoton kuɗinsu na wata uku-uku, na baya-bayan nan guda huɗu da na shekara. Basai ka karanta shafi ɗari biyu ba. Duba cinikinsu yana ƙaruwa ko raguwa idan ka kwatanta da irin wannan lokacin a bara, duba riba, sannan ka duba tsabar kuɗin da ke shigowa daga ainihin sana'ar, dan riba a takarda ana iya mata kwalliya amma tsabar kuɗi tafi wuyar ɓoyewa. Sai bashi, nawa ake binsu, nawa ne zai nuna cikin shekara guda, kuma abinda ke asusunsu zai biya? Kamfanin da bashi ya shaƙe yakan fitar da sabbin hannayen jari ya sayar dan ya samu kuɗi, naka kason sai ya ƙara ƙanƙancewa kana zaune. In sun yanke rabon riba ko sun dakatar, ko mai binciken littafinsu ya ajiye aiki, ko sun jinkirta fitar da rahoto ba dalili, waɗannan ba ƙananan alamu bane.

Kuɗin ko ta kwana kuwa kar ka kuskura ka taɓa su. Garin neman gira za ka rasa ido.

Dattijo:
Yaro na daɗe a harkar nan kuma irin taka ta taɓa samuna, na riƙe wani kamfani shekara shida ina jiran ya dawo farashin da na saya, har na rubuta lambar a ƴar takarda na manna a jikin kwamfuta, takardar ta yi ta dushewa rubutun ya goge kamfanin bai dawo ba. Abinda na koya shine kasuwa bata san 92 ɗinka ba, ba ruwanta da nawa ka saya, kai kaɗai ke ɗauke da wannan lambar a ka. Yi wa kanka tambaya ɗaya: da ace yau 29,000 ɗin nan tsaba ne a hannunka baka taɓa sayen komai ba, zaka ɗauka ka sayi wannan kamfanin a 58? In amsar eh ce kuma kana da dalilin da zaka iya faɗawa wani a jimla biyu, riƙe. In a'a ce toh riƙewar da kake ma saye ne, kullum da safe sake sayensa kake baka sani ba.

Masana ma sun yi nazarin halin nan namu, Kahneman da Tversky tun 1979 suka nuna zafin asara yafi daɗin riba mai girma ɗaya a zuciyar mutum, shi yasa muke saurin sayar da wanda ya hau dan mu kama ƴar riba, wanda ya faɗi kuma mu rungume shi dan kar mu amsa cewa mun yi kuskure.

Sarkin Sigina:
Oga turo min saƙo ta inbos, ina da grup na musamman muna dawo da asara cikin kwana 14 tabbas

Admin:
An cire shi. Dan Allah duk wanda yace muku tabbas a harkar hannun jari ku riƙe aljihunku.

Ɗan Cat:
Ni dai a nawa tsarin tun ranar saye nake sa istof los, in ya sauka da kashi 10 ko 15 dillali ya sayar min kai tsaye ba sai zuciyata ta sa baki ba. Da kayi haka da ka fita tun a 85 ko 90. Yanzu ma zaka iya sawa ƙasa da 58 kaɗan. Sai dai ka sani ba garanti bane, in mummunan labari ya fito da dare kasuwa ta buɗe a 45 toh a wajen 45 ɗin za'a sayar maka ba inda ka sa ba. Kuma wani lokacin yana taɓa layinka a sayar sannan ya juya sama ya barka da cizon yatsa, ya sha min haka.

Malamin Lissafi:
Ƙari akan batun ƙarawa tunda shi abokinka ke zuga ka. In ka sake sayen 500 a 58 matsakaicinka zai sauko 75, a ido yayi kyau. Amma kuɗinka da ke cikin kamfanin nan ya tashi daga 46,000 zuwa 75,000, in ya gangara 40 asararka ta zama 35,000 maimakon 26,000. Lambar ce ta yi kyau, haɗarin ƙaruwa yayi. Ƙarawa tana da ma'ana ne ga wanda ya karanta kamfanin ya tabbatar sana'ar lafiya take kuma da kuɗin da bazai nema ba shekara biyar. Kuma "dole zai dawo" ɗin nan ko kasuwa sukutum bata da wannan alkawarin akan lokaci, Nikkei, ma'aunin kasuwar hannun jarin Japan, ta kai ƙololuwa a Disamban 1989 bata sake taka wurin ba sai Fabrairun 2024. Kai wata bakwai gareka.

Sabon Shiga:
Na dawo. Jiya ban kwanta ba sai wajen ɗaya, na sauke rahotannin kamar yadda Anti tace na zauna da biro da takarda. Ciniki ya ragu sau uku a jere, riba ta koma asara a na ƙarshen, bashi ya ƙaru sosai akan na bara, kuma ashe tun wata biyar da suka wuce suka sanar da dakatar da rabon riba ni ban ma sani ba, ina can ina kallon ja da kore. Abu ɗaya mai ɗan daɗi shine har yanzu tsabar kuɗi na shigowa daga sana'ar ko da yake ta ragu, kuma shugabannin sunce zasu sayar da wani ɓangare su rage bashi. Tambayar Baba Dattijo kuwa na yiwa kaina, wlh da tsaba ne a hannuna bazan saya ba. Abinda nake tunani shine in sayar da guda 400, a farashin yau zai bani wajen 23,000 wanda shine kuɗin hidimar, in bar 100 in ga rahoto mai zuwa, in bashin bai ragu ba su ma in sallame su. Ƙarawa kam na fasa.

Mai Dogon Zango:
Hmm. Ranar da ya koma 120 zaka tuna dani.

Tsohuwar Akanta:
Zai iya komawa 120 ɗin, ba wanda ya isa yace bazai koma ba, amma mai hidimar nan da wata bakwai bazai karɓi "zai dawo" ba. Ƙanina tsarin yayi, ni da nice ma duka zan sayar tunda da bakinka kace bazaka saya yau ba, amma guda 100 bazasu hana ka bacci ba. Rubuta sharaɗin naka a takarda da kwanan wata tun yanzu, dan in rahoton ya fito zuciya zata kawo maka sabon uzuri. Ka duba nawa dillalinka ke cira a kowace sayarwa, kar ka yanka ta gida biyar kana biyan kuɗin kowanne, kuma ka tambaya ko a ƙasar da kake ana rage haraji da irin wannan asarar dan dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. In zaka sa odar sayarwa ka sa ta mai iyakar farashi, wato wadda baza'a sayar ƙasa da farashin da ka sa ba, kar ka barta a buɗe da sassafe lokacin da farashi ke tsalle.

Dattijo:
Shi abokin aikin naka da ya nuna maka a waya fa, yana ciki har yanzu?

Sabon Shiga:
Baba ɗazu na tambaye shi a wajen aiki, wai ai shi tun yana 105 ya sayar, ya manta ne bai faɗa min ba. Anti odar mai iyaka ɗin nan a 58 zan sa ko in ɗan sauko 57 dan ta shiga da wuri?