Taƙaitawa: yadda za a raya al'ummar manhajar kasuwanci mai buɗaɗɗen tushe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da na tsinta daga doguwar tattaunawarmu, inda aka fi buga misali da Odoo da ERPNext, manhajoji biyu na tafiyar da kasuwanci masu buɗaɗɗen tushe, wato kowa na iya duba yadda aka rubuta su, ya kuma gyara.

1. An yi ittifaƙi cewa ba masu rubuta manhaja kaɗai ke da hannu ba. Akantan da ya gano lissafin haraji ya karkace, da mai shagon da ya kawo rahoton matsala dalla-dalla, duk sun ba da gudummawa.

2. Sabon shiga ya yi tambaya, a amsa masa da mutunci. Wasu sun ce tsawa ɗaya ta isa ta kore shi har abada.

3. Kan kuɗi ne aka rabu. Tun 2015 kamfanin Odoo na Beljiyam ya raba manhajarsa gida biyu: Community kyauta, Enterprise ta kuɗi. Ɓangare ɗaya na ganin hakan ne ke biyan albashin masu aikin. Ɗaya ɓangaren ya ce an kulle abubuwa masu muhimmanci, ya fi son tsarin kamfanin Frappe na Indiya, wanda ya bar ERPNext gaba ɗaya a buɗe ƙarƙashin lasisin GPL, mai ba kowa damar amfani da manhaja da gyara ta da rarraba ta. Ni dai ra'ayi na biyu ya fi kwanta mini, amma na farkon ma ba shirme ba ne.

4. A samu ƙungiya mai zaman kanta kamar OCA (Odoo Community Association, ƙungiyar al'ummar Odoo), kada komai ya rataya a wuyan kamfani ɗaya.

5. Rubuta jagorar amfani da fassara: kowa ya yarda suna da muhimmanci, amma masu ɗaukar nauyin ba su da yawa.