Yaya ake yanka farashin rubutu, kuma yaushe ake karɓar kuɗi?

Sabon Shiga, Mabera: Assalamu alaikum malamaina. Marubucin da ke aiki na ƙashin kansa, ba a ƙarƙashin wata jarida ba, da shafi yake yanka farashi ko da kalma? Kuma sai an gama ake biya?

Tsohon Hannu, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam ƙanena. Da kalma. Shafi ba ma'auni ba ne, a sauya girman harafi daga 12 zuwa 14 sai shafi uku ya koma huɗu. In fassara ce, ku daddale tun farko ko kalmomin Turancin za a ƙirga ko na Hausar, domin Hausar ta kan fi tsawo, nan rigima ke ɓulla. Karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, sauran ranar miƙa aiki. Rubuta wa mai ba ka aikin a WhatsApp yawan kalmomi, ranar kammalawa, da cewa gyara sau biyu ne kyauta, na uku da kuɗinsa. In ba ka faɗi haka ba, sai ya yi ta dawo maka da aikin har ribar ta ƙare a data. Wanda ya ce "yi dai, za mu daidaita", wannan bashi yake nema.

Malama, Arkilla: Gaskiya ne Malam. Ƙari a kai: tambayi wace Hausa ake so. Yawancin editoci daidaitacciya suke nema, don haka "wanga", "hwara" da "tahi" su koma "wannan", "fara" da "tafi", sai in maganar wani ka ɗauko baki da baki. Haruffa masu ƙugiya kuwa, ƙ, ɗ da ɓ, saka Hausa a manhajar madannan rubutu, wato Gboard ko Keyman. Kafin ka tura duka, aika sakin layi ɗaya a buɗe a kwamfutarsu, wani zubin haruffan nan sukan koma akwatuna.

Ɗan Kanwuri: Kar a manta da haƙƙin mallaka. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, sallama haƙƙi ga wani sai a rubuce. In sunansa zai sa a maimakon naka, farashi ya ƙaru. Sannan lokacin bazara, ga zafi ga ɗauke wuta, aikin kwana uku ka ce masa biyar.