Masara da wake a gona ɗaya, lissafin ƙishin ruwa ya ƙi fitowa

Salamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka min, sati uku kenan ina kan abu ɗaya. Ina gina modal, wato tsarin lissafi na kwamfuta, a yaren shirya manhaja na Python, na yadda ƙishin ruwa ke kama masara da wake idan an shuka su tare, layi biyu masara layi biyu wake. Na bi tsarin FAO-56 (littafin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ruwan da shuka ke buƙata), wato Ks = (TAW − Dr)/(TAW − RAW), inda Ks ne ma'aunin ƙishin shuka, TAW duk ruwan da saiwa za ta iya samu a ƙasa, RAW wanda take samu cikin sauƙi, Dr kuma wanda ya riga ya ragu; ETo kuma, wato ma'aunin ruwan da ke tashi sama daga ƙasa da ganye, ta hanyar lissafin Penman-Monteith. Da amfanin gona ɗaya ne lafiya lau, amma da na haɗa su biyu sai komai ya rikice.

Matsalar ita ce ruwan ƙasar ɗaya ne, saiwar masara tana nutsawa fiye da mita ɗaya, ta wake ba ta kai haka ba, to wa zai sha nawa? Na raba ruwan gwargwadon faɗin ganye sai modal ɗin ya kashe min wake tun kwana 40, alhali a gona da rana ganyen waken a miƙe yake, na masarar ne ya nannaɗe. Ina zargin inuwar masara ce ke rage wa waken zufa, wato ruwan da ganye ke fitarwa, ni kuma Kc ɗinsa, wato ma'aunin ruwan da shukar ke buƙata, na bar shi kamar yana shan rana shi kaɗai.

A cikin manhajojin da ake irin wannan lissafi da su, AquaCrop amfanin gona ɗaya kawai yake ɗauka, APSIM kuma ya min nauyi gaskiya. Shin in raba ƙasar hawa-hawa ne in ba kowanne ruwa gwargwadon yawan saiwarsa, ko in fara raba hasken rana tukuna? Wanne ya kamata ya zo farko?