Ɗana ya rasa ganinsa: ku da me kuka fara, waya ko sanda?

Maman Abba, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 13, hawan jinin ido ya tafi da ganinsa bara. Tun daga lokacin ko zaure ba na bari ya fita shi kaɗai. Kawunsa ya ce zai saya masa waya mai magana, babansa kuwa ya ce a kai shi makarantar makafi ta Gindiri. Don Allah waɗanda suka bi ta wannan hanyar, me ya fi yi muku amfani a farko?

Ɗan Gangare:
Wa alaikumus salam Mama. Ina shekara 9 na makance, yanzu na gama jami'a, kuma da wayata nake rubuto miki wannan. Kada kawu ya sha wahalar neman waya ta daban. Wayoyin Android suna da TalkBack, na iPhone kuma VoiceOver, kunnawa kawai ake yi. Idan ya ɗora yatsa za ta faɗa masa abin da ya taɓa, ya ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe. A kwamfuta irin wannan manhajar mai suna NVDA kyauta ce, JAWS kuwa sai mai hali. Sai dai muryar da ke cikin tawa Baturiya ce. Idan aka turo min saƙon Hausa sai ta dagula shi, balle ta ci karo da ƙ ko ɗ. Na fi wata biyu kafin kunnena ya saba, har gobe abokaina sun san saƙon murya na fi so.

Amma Mama, waya ba ta taɓa tsallakar da ni titin Bauchi ba. Sanda ce ta yi.

Malama daga Bukuru:
Maman Abba, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina koyar da yara makafi, kuma roƙona kada waya ta sa a raina rubutun makafi. Yaron da ya dogara da kunne kaɗai zai iya haddace darasi, amma ka ce ya rubuta kalma sai a ga giɓi. Ɗigo 6 ne kacal ake sarrafawa su ba da kowane harafi. Da allo da tsinke ake farawa, ana huda takarda daga dama zuwa hagu, sannan a juya ta a karanta daga hagu. Injin buga rubutun makafi na Perkins ya fi sauri, amma a ajinmu layi ake bi kafin a taɓa shi. Ga kuma sanyinmu na Jos: da safe a watan Disamba yatsun yara kan ƙage har ba sa jin ɗigon, sai mun sa su murza hannu ko su riƙe kofin shayi kafin a buɗe littafi.

Gindiri kuwa tun 1953 mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) suka buɗe makarantar makafi a can, ba jiya suka fara ba. Amma abin da ya fi ci min rai ba na makaranta ba ne. Za a kawo mana saurayi ɗan shekara 15 bai iya zuba wa kansa shayi ba, don uwa ta yi masa komai. Ki ba shi kofi ya ɗora yatsa a bakin kofin ta ciki don ya ji in ya cika, ki fara da ruwan sanyi. Kuɗi kuma ya riƙa naɗe kowace takarda daban: ta 500 ninki ɗaya, ta 1,000 a miƙe.

Baban Yara, Rikkos:
Hajiya, bari in tona wa kaina asiri. Shekara biyu na hana ɗiyata riƙe sanda, wai kada a ce bara take. Ranar da na haƙura na aike ta shagon bakin layi, sai na cire takalmi na bi bayanta a hankali. Tana kaɗa sandar dama da hagu, ta gano kwatar ƙofar maƙwabcinmu ta kauce. Can sai ta tsaya ta ce, "Baba, ai tun daga gida nake jin turarenka." Kunya ta kama ni na juya. Da ta dawo da sukarin take ba ni labari wai wani bawan Allah ya cusa mata naira 50 a hannu, ta mayar masa ta ce ita aike aka yi mata.

Ɗan Gangare:
Baba, wannan sadakar ta dole ni ma har yanzu ina shan ta a kasuwar Terminus, ga masu jan sandar mutum ba sallama wai taimako. Mama, na manta ban faɗa miki ba: tun 2017 JAMB ta yi wa makafi tsarin jarrabawa na daban, kada kowa ya ce miki karatunsa ya ƙare. Akwai kuma dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ko da yake kwatocin unguwarmu ba su ji labarinta ba.

Maman Abba:
Allah ya saka muku da alheri. Yau da safe na ba shi butar ruwa da kofi, rabi ya tafi a tabarma, amma ya ƙi yarda in karɓa. Malama, sandar tana da awo ne ko kowacce ta yi?

Malama daga Bukuru:
Tana da awo. Ki tsayar da shi ki auna daga ƙasa zuwa tsakiyar ƙirjinsa. Ki nemi mai naɗewa don ta shiga jaka idan ya hau keke.