Jakar farauta: ɗaya ta isa, ko sai na sayi biyu?

Ɗan Asawase:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema kafin a buɗe farauta a farkon Disamba. Sana'ata gyaran babur ce a nan Kumasi, amma idan rani ya kama nakan bi kawuna daji ta wajen Ejura. Wata rana mu yi sammako mu dawo ƙauye kafin magariba, wata rana kuma mu kafa sansani a bakin rafi mu kwana uku ko huɗu. Jakar da nake goyawa irin ta 'yan makaranta ce, kuma ta gaza. Maratayanta na cin kafaɗa, zif ya lalace, bayana kullum sharkaf da gumi. In Allah ya ba da sa'a aka samu gyazbi biyu ko gada, sai in rasa wurin sawa, in dawo da buhu a hannu ɗaya, adda a ɗaya.

Kuɗina ba su da yawa. Shin akwai jaka ɗaya da za ta yi mini fitar yini da ta kwana, ko dole sai biyu? Wane girma zan nema? Sabuwa a shagunan Adum ta fi, ko gwanjo a kasuwar Kejetia? Na ga wata mai zanen kayan soja ta burge ni, amma ban taya ba tukuna.

Baban Ejura:
Wa alaikumus salam, ɗana. Da safe kowace jaka mai kyau ce, domin ba komai a cikinta sai gari da ruwa. A hanyar dawowa ake sanin ta ƙwarai, lokacin da rana ta take, ruwa ya ƙare, ga nama a bayanka, ga tafiyar awa uku a gabanka. Da wannan tafiyar za ka auna duk abin da za ka saya.

Iyayenmu burgami suke ratayawa, na fatar akuya, kuma suna da hujja: ba ya ƙara, ba ya ƙyalli, ƙaya ba ta yaga shi. Duk jakar da za ka ɗauka, nemi waɗannan ukun a jikinta. Ka murza yadin da hannu a gaban mai kaya. In ya yi ƙwaram-ƙwaram, ajiye masa abinsa, don gada za ta ji ka tun kana nesa. Haka aljihun nan da ake mannewa, wanda in an ɓare shi yake kururuwa, ba na daji ba ne.

Ni biyu nake riƙewa. Babbar tana zama a sansani, ƙaramar ita ke bina. Mai bin sawu yana sunkuyawa, yana rarrafe, yana kutsawa cikin ƙirare, babbar jaka kuwa kowane reshe sai ya gaishe ta.

Tsohon soja, Sabon Zango:
Baba ya gama magana a kan ƙara. Bari in taɓa nauyi, tunda shi ke cin kafaɗar yaron nan.

Ƙanena, da lita ake faɗin girman jaka, galibi a rubuce yake a jikinta. Fitar yini, lita 20 zuwa 30 ta wadatar. Kwana uku zuwa huɗu da gidan sauro, tamfol, tukunya da abinci, ka nemi lita 50 zuwa 65. Abin da masu tafiyar ƙafa suka saba bi shi ne kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. In kai kilo 70 ne, kilo 14 ke nan. Ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma da hunturu a wajen Ejura ba ka fita yini da ƙasa da lita uku. Saboda haka ka bar gida da kaya marasa nauyi, ka bar wa nama gurbinsa.

Abin da ya raba jakar makaranta da jakar tafiya abu biyu ne: ƙarfen baya da ɗamarar ƙugu. Ƙarfen, ko a ciki yake ko a waje, shi ke sauke nauyi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ɗamarar kuma ta zama mai faɗi, mai soso, ta zauna daidai kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba. In ta zauna daidai, mafi yawan nauyin ƙafafunka ne ke ɗauka, kafaɗa tana tare jakar ne kawai kada ta faɗi baya. Siririyar igiyar da ake liƙa wa wasu jakunkuna a ƙugu ba ɗamara ba ce, ado ce.

Tsawon jakar ma ya dace da bayanka. Ka sunkuyar da kai, za ka ji wani ƙashi ya fito a gindin wuya. Daga nan zuwa saitin saman ƙashin ƙugu shi ne awonka, ba tsayinka gaba ɗaya ba. Kada ka saya ba ka gwada ba. Jakar fiya wata guda tana da ƙulli 30, kowane rabin lita, wato kilo 15. Ka roƙi mai sayarwa ka zuba ta ciki, ka ɗaure ɗamara, ka zagaya layin kasuwa na minti goma. Inda za ta cuce ka, a nan za ta nuna.

Mai zanen soja kuwa, ka bar ta a inda ka gan ta. A Ghana doka ta hana farar hula amfani da kaya masu kamannin na soja, rundunar ma ta sha yin gargaɗi a kai. Ka ɗauka an tsayar da motarku a shinge a hanyar Mampong, ga bindiga, ga jakar soja. Nemi ruwan ƙasa ko kore marar zane.

Mai ɗinkin jaka, Alabar:
Yayana, ni da ke gyaransu kullum, gwanjo mai kyau na fifita a kan sabuwa mai araha. Sabuwar nan mai sheƙi, zaren ɗinkinta ba ya jure nauyi, daga gindin maratayi take fara sakin jiki. Amma gwanjo sai da ido. Ka juya cikinta waje. In rufin da ke hana ruwa shiga yana ɓarewa ko yana danƙo a hannu, ta tsufa, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ka ɗaga gindinta saitin rana ka ga ko haske na ratsawa. Ka ja maratayan da ƙarfi, ka duba ko an maimaita ɗinki a mahaɗarsu. Zif mai tambarin YKK ya fi daɗewa, yadi kuma in ka ga an rubuta Cordura, ko lamba 500D ko 1000D, mai kauri ne, zai jure ƙaya.

Abin da ya karye na maɓallin roba ko igiya kada ya hana ka saye, wannan aikin minti kaɗan ne a wajenmu, sai ma ka rage kuɗi da shi. Abin da ba ma iya mayarwa shi ne soson ɗamara da ya mutu da ƙarfen baya da ya karye. Na fi son jakar da ake zuge bakinta da igiya a rufe da marfi, domin ƙurar hunturu ita ke kashe zif, kuma in babban zif ya fashe a daji, kayanka duka a ƙasa suke.

Direban Atebubu:
Da izinin Baba, ni ban ga dalilin biyu ba ga mai ƙaramin ƙarfi. Tawa lita 45 ce, tana da igiyoyin matsewa a gefe. Ranar fitar yini in matse ta ta koma ƙarama, ranar kwana in sake ta, in ɗaure tabarma da tamfol a waje. Kuɗin jaka biyu marasa kirki gara a haɗa a sayi ɗaya ta gaske.

Baban Ejura:
Maganar kuɗi gaskiyarka ce, ɗana, ban musa ba. Sai dai in ka matse faɗinta, tsawonta fa? Ƙarfen yana nan ya haura kafaɗa. Ka ɗaga bindiga da ita a bayanka ka ji ko gindin bindigar zai zauna inda ya saba. Maratayi mai kauri yana ture shi, kuma harbin da aka yi bindiga ba ta zauna ba, ko a kuskure ko a raunata dabba ta je ta mutu a banza. Ƙaramar da nake faɗa ba sai an kashe mata kuɗi ba. Mai ɗinkin nan na Alabar zai ɗinka masa ita da ragowar tamfol.

Hajiya mai abinci, Aboabo:
Ku maza kuna ta zancen jaka, ni naman nake ji. Sau da yawa ana kawo mini gyazbi ya fara wari, in na tambaya sai a ce a leda aka ƙulle shi aka cusa cikin jaka. Ɗana, nama mai ɗumi in ya rasa iska, a zafin nan kafin la'asar ya juya. Da ka yanka, ka feɗe cikin, ka bar shi ya huce a inuwa, ka sa a buhun fulawa na yadi da aka wanke. Buhun ya tsare ƙuda, iska kuma na shiga. Ka ɗaure shi a wajen jakar, ba a cikin tufafinka ba. Don haka jakar da za ka saya ta kasance da igiyoyi masu ƙarfi a baya. In kwana za ku yi, a banda shi a kan wuta a daren. Ko a Atwemonom, kasuwar naman daji ta Kumasi, mai saye da hanci yake fara ciniki. Jini in ya jiƙa soso ba ya fita, kuma ranar da za ka yi salla da kayan da ke cikin jakar za ka tuna maganata.

Malamar asibiti, Tafo:
Ƙanena, ka zaɓi mai aljihu a marfi, ka ware shi don abin gaggawa kaɗai: bandeji, maganin wanke rauni, ƙullin gishiri da sukari na ORS, tocila, waya a cikin leda. Yankin nan akwai kububuwa da kasa. In maciji ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana gaɓar motsi, a cire zobe ko agogo, a nufi asibiti inda ake da allurar kashe dafi. Game da launi kuma, ƙudan tsando yana bin shuɗi da baƙi, kuma a bakin rafi kuke kwana. Sannan ka ɗaura ƙyalle ruwan lemo a saman jakar idan kuna da yawa a daji, domin abokin farauta ya gane mutum ne ke motsi a cikin ciyawa.

Malamin makaranta, Ejura:
Ƙari kaɗan. Hanin farauta daga 1 ga Agusta ne zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, kuma ko an buɗe sai da lasin sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji, ban da takardar bindiga ta 'yan sanda. Duka biyun a naɗe su a leda su zauna a aljihun ciki. Gandun namun daji na Kogyae yana nan kusa da mu, na Digya yana gabas, ba a farauta a cikinsu ko da rani ko da damina, ka tambayi kawunka inda iyaka take. Harsashi a aljihunsa daban, nesa da ruwa da ashana, bindiga kuma ba ta shiga mota da harsashi a ciki.

Ɗan Asawase:
Allah ya saka da alheri, iyayena. Zan nemi gwanjo mai lita 50 zuwa 60, mai ƙarfe da ɗamara, marar zanen soja, in gwada ta da fiya wata. Ƙaramar kuma zan zo Alabar a ɗinka mini. Saura abu ɗaya: yaya ake jera kayan a ciki?

Tsohon soja, Sabon Zango:
Gidan sauro da bargo a ƙasa. Ruwa, gari, shinkafa da tukunya a tsakiya, manne da bayanka, don kada nauyi ya riƙa janka baya. Tufafi su cike gefe, tamfol a sama inda hannu zai kai in hadari ya taso. Ka shimfiɗa babbar leda a ciki kafin ka zuba komai, domin daga Maris ruwa na iya sauka ba sallama. Adda a cikin kubenta a gefen da ba ka saɓa bindiga. In ka goya, ɗamara za ka fara ɗaurewa, sannan ka ja maratayan kafaɗa.